Asuwakin Mai Duba Dashe

Ni ƙungiyarmu ta tura Fakku, a ƙasar Kebbe, in duba ko itatuwan da masu ba da tallafi suka sa aka dasa sun rayu. Sharaɗin kuwa, in an samu wanda ya kama, za a haƙa wa garin rijiya.

A Dogon Daji na tsaya na ci tsire, nama ya maƙale mini a haƙori. Da na isa filin dashen a Fakku babu kowa, sai wani siririn tsiron dogon yaro da aka kewaye da ƙaya. Na tsallaka ƙayar, na tumɓuke shi, na kama asuwaki.

Jama'a suka taru, na gyara babbar riga na hau faɗa. Na yi musu wa'azin riƙon amana da hamadar da ke tahowa, ina nuna su da tsinken, ina tofarwa. Kowa ya zuba wa bakina ido, na ce lallai yau magana ta ratsa.

"To ina itatuwan?" na tambayi mai gari.

Ya numfasa. "Yallaɓai, guda ɗai ya rage. Da buta muka ba shi ruwa, ko shanun da sunka ratsa nan ba su taɓa shi ba."

"Yana ina?"

"Ga shi nan ga bakinka."

Har yau, da an hango motarmu a Kebbe sai wani ya ɗaga murya: "Ku kare shuka, ga bunsurun ofis nan tafe!"