Fuskar Kaftin Guguwa

Duk garin Toowoomba na ƙasar Ostiraliya babu wanda ya ceci duniya kamar Lindsay Truscott, kuma ba ya bari a manta. Shekaru arba'in da suka wuce shi ya fito a talabijin a matsayin Kaftin Guguwa, jarumin littafin zane mai tashi sama da jar alkyabba. Shirin bai yi nisa ba aka soke shi, amma Lindsay bai sauko ƙasa ba har yau. 'Yan mashayar unguwa suna kiransa Na-Sama, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Zauna kusa da shi ka sha tarihi kyauta. "Na littafi takarda ce kawai," in ji shi, yana shafa tumbi. "Na rediyo murya ce ba jiki. Wannan yaron na fim kuwa kwamfuta ke hura masa ƙwanji. Ni ne Kaftin na jini da tsoka!"

Abu ɗaya ke ci masa rai. Kaftin ba ya cire takunkumin da ke rufe masa fuska, don haka ba wanda ya taɓa ganin fuskar Lindsay. Muryar ma ta wani aka ɗora, saboda tasa siririya ce kamar ta ɗan akuya. A taron masoya littafin zane yakan wuni da alƙalami a hannu yana jiran masu neman sa hannunsa, mutane suna tambayarsa hanyar banɗaki.

Sai ga masu sabon fim sun gayyace shi ya fito cikin 'yan kallo a titi, fuska a buɗe. Nan take yaron kwamfuta ya zama "magajina". Lindsay ya rina gashi, ya gyara haƙora, ya bi gida-gida yana gayyatar mutane kallon fim ɗin, har da maƙwabcin da suka yi shari'a kan shinge.

Ranar nunin ya tsaya gaban majigi ya yi jawabi. "Jama'a, yau Ostiraliya za ta ga fuskar da ta daɗe tana bege."

"Zauna, Na-Sama, ka tare mana!" wani ya ƙwala daga baya.

Fim ya yi nisa, sai ga titin, sai ga tumbin da kowa ya sani. Lindsay ya miƙe zumbur. Kyamara ta fara hawa daga ciki zuwa ƙirji, ta kai wuya. Daidai nan magaji ya diro daga sama, iska ta kwashi jar alkyabbar ta lulluɓe kan Lindsay ruf. Kafin ta yaye an wuce wani wurin.

Lindsay ya tsaya ƙiƙam. Wallahi ya ba da tausayi. Matarsa Noreen ta jawo shi ya zauna, ta dafa masa gwiwa.

"Haba tsoho, ka yi kyau mana," ta ce. "Ni nan take na gane ka. Yadda kake a talabijin, haka ka fito."