Ranar da Aka Ɗaga Basiru Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Basiru, ɗan yayana Mamman, ya kawo ƙwallon zari-ruga Jega. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya busa usur da baki.

Basiru dakon albasa yake yi a Aliero, buhu a kai yana tafe yana raha. Ya bi motar albasa zuwa Legas, wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi yana sauke kaya, ya ce wannan ƙirjin ba na dako ba ne. Kafin mu farga yaro ya zama ɗan wasa mai albashi, har wata ƙungiya a ƙasar waje ta aiko tana neman shi. Shi kuwa ya rantse ba zai taka jirgi ba sai ubansa ya sa albarka. Yaya Mamman ya kafe.

"Ƙato da gemu shina gudu da kabewa a hammata, wasu na bin shi? Wanga ba sana'a ba ce, hauka ce."

Sai Basiru ya kwaso abokan wasansa har filin wata makaranta a Jega don tsohon ya gani da idonsa. Ni na ɗauki alkawarin kawo shi, ni kuma zan fassara mishi wasan, tunda na yi kokawa da ƙuruciya (tsakanina da ku, bayana ya fi ƙafata sanin ƙasa, amma waɗanda suka shaida duk sun tsufa). Na ɗora Yaya a kabu-kabu daga garinmu, Jiga Makera. Ban tsaya nan ba, har makaɗin 'yan kokawa na ɗauko daga Maiyama, na ce ya ɓoye ganga sai na ba shi hannu.

Jama'a, fili ya cika! Ga ƙattai nan kamar bijiman noma, wuya da kai duk ɗaya. Aka fara, Basiru ya ɗauki ƙwallo ya ratsa mutum uku, ƙura ta tashi, ni har na miƙe ban sani ba.

"Mi ya sa yaj jefa ta baya?" in ji Yaya.

"Dabara ce, Yaya."

"To waɗanga da sunka haɗa kai awa raguna fa?"

"Shawara sukai."

Ban san komai ba wallahi, amma baki bai taɓa ba ni kunya ba.

Can ƙwallo ta fita waje. Suka jeru sahu biyu, aka wurgo ta, sai na ga ƙattai biyu sun kama cinyoyin Basiru sun ɗaga shi sama, sama sosai, ya cafe ta yana lilo a iska. To mu a wajenmu ba a ɗaga ɗan kokawa sai ya kayar da abokin karawarsa. An ɗaga ka, magana ta ƙare.

"Yaya, ya kada su! An gama!"

Na ba makaɗi hannu. Ganga ta tashi. Na tattare babbar rigata na faɗa fili da gudu, ina rawa ina kirari: "Sai kai na Mamman! Bajimin Jiga, ƙi gudu, sa maza gudu!"

Ashe wasa ko rabi bai kai ba. Basiru ya diro ƙasa, abokansa suka dunƙule a bayansa suna turi, 'yan ɗaya ɓangaren ma suna turowa, tarin nan gaba ɗaya ya nufo ni, kowa kansa a ƙasa, ba mai ganina. Na ce "Kai! Kai! Baffanku ne!" Ina! Sai na ji ni a tsakiyar hammata da gumi, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Wani ya laluba yana neman rigar abokinsa ya dafe, ya samu mazagin wandona.

Usur ya tashi. Suka watse, suka bar ni zaune a tsakiyar fili, wando a idon sawu, ina jan babbar riga ina rufe gwiwa (Allah ya saka wa telan da ya yi ta da faɗi). Shi kuma makaɗin nan, mara imani, bai daina kiɗa ba.

Dariyar jama'a ba ita ta dame ni ba. Fuskar Basiru na kalla, na ga idonsa ya kawo ruwa yana duban ubansa. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaro tafiya.

Yaya Mamman ya taso da sandarsa, a hankali, har tsakiyar fili. Bai ko dube ni ba. Ya nuna alƙalin wasan, wani ɗan tsamurmurin mutum.

"Wanga ɗan tsito shi ab busa kunka tsaya duka?"

"Shi ne, Baba."

"Ko kuna cikin hushi?"

"Ko muna cikin hushi, Baba. Mai gardama waje za shi."

Tsoho ya jinjina kai. "Ashe kuna da ladabi. Duk hilin ga mahaukaci guda na gani, kuma uwarmu guda da shi." Ya dafa kan Basiru, sai da yaron ya durƙusa kafin hannun ya kai. "Tahi, Allah shi yi ma albarka. Amma in kana son zaman lahiya da mutanen can, kak ka ba baffanka adireshi."

Basiru na can yanzu, muna kallon shi a waya. Duk sanda aka ɗaga shi sama, Yaya sai ya riƙe mini gefen riga. Ni kuwa na koyi abu guda da tsufana: in ka ga an ɗaga mutum, jira ka ga inda za a sauke shi kafin ka kira makaɗi.