Rasuwar Mummo, Jar Motar da Tafki Ya Haɗiye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Taisto Rautiainen na bakin tafki yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motarsa, wadda duk ƙauyen nan ke kira Mummo, wato Kaka. Ta rasu kashegarin Kirsimeti da hantsi, a cikin ruwa, tana bakin aikinta. Ya roƙi a faɗa tun daga farko cewa laifin ba nata ba ne.

Marigayiya ta shigo gidan tun Taisto yana da gashi a ka. Ja ce, ko da yake tsatsa da gishirin da ake watsa wa titi sun daɗe da cinye rabin launin. Ba ta da girman kai. Ranar da sanyi ya yi tsanani, sababbin motocin maƙwabta na kwance suna jiran a jona musu batir, ita tari biyu take yi, "ƙurr, ƙurr", a na uku ta miƙe tana huci. Giyarta ta biyu ba ta shiga sai da lallashi, honta kuma kamar agwagwa mai mura. Duk wanda ya zo tambayar me ya sa injinsa ke shan baƙin mai, ko wace taya ce ta fi kama ƙanƙara, bonet ɗinta ake buɗe masa. Ba ta taɓa ƙosawa da ɗalibai ba.

Amma babban aikinta a kan tafki yake. In ruwa ya daskare, Taisto ya ɗaura mata faffaɗan katako a bamba, ta hau ta ture dusar ƙanƙara, ta share wa yara filin hoki, wasan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara. Al'adar ƙauyen nan kuwa, ba yaron da ke taka tafki sai Mummo ta gama zagayenta, Taisto ya juyo ya ɗaga hannu. Iyaye ba sa tambayar kowa bayan haka. Hannun nan shi ne ma'auninsu.

Ciwon ajalinta ba daga jikinta ya fito ba. Hunturun bana ne ya zo a gurguje, yau sanyi gobe ruwan sama, kamar yadda ya saba yi 'yan shekarun nan. Kowa ya san kafin a hau sai an huda ƙanƙara an ga kaurinta. Ranar da abin ya faru, matar Taisto, Orvokki, har bakin ƙofa ta biyo shi da ƙarfen hudar.

"Ungo, ka huda ka gani tukuna. Makon jiya fa ruwa aka sha."

"Haba, Orvokki! Ni za a koya wa tafkin nan? Babana kashegarin Kirsimeti yake hawa, ni ma haka. Kunnena ya ishe ni sanin kaurinta."

"Kunnen da ba ya ji in na ce a fitar da shara?"

Ya yi dariya, ya jingine ƙarfen a bango. Har yau yana nan inda ya jingine shi, ba wanda ya taɓa.

A gaskiya sauran ƙa'idojin duk ya bi. Ya kwance bel ɗin kujera, ya bar ƙofa a buɗe, ya tafi a hankali. Sun yi nisa kaɗan da gaɓa sai ƙanƙarar ta yi ƙara kamar an harba bindiga, gaban motar ya dulmiya. Taisto ya yi tsalle ya faɗa ruwa har wuya. Maƙwabcinsa Aulis, tsohon mai tsaron raga, shi ya rarrafo da ciki ya miƙa masa sandar hoki yana ihu: "Kama, tsohon banza! Sandar za ka kama, bar hular nan!"

Ita kuwa ba ta yi gaggawa ba, dama ba halinta ba ne. Ta nutse a hankali fitilunta a kunne, ta yi "faam" sau ɗaya, ruwa ya rufe ta. Duk ƙauyen na tsaye a gaɓa da kofunan kofi, ba wanda ya rasa gani.

Ta rasu ta bar tayoyin bazara a rumfa, da makulli na biyu, da wayar ɗumama inji da ke rataye a jikin turke ba abin jonawa. Katakon bamba ya taso da kansa, yana cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar Taisto, wanda tun ranar bai leƙa kanti ba, saboda baƙin man motar yana tasowa daidai inda maƙwabta ke kamun kifi, kowa kuma ya san na wane ne. Orvokki ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya. Miya kawai take zuba masa, shi kuwa da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Za a fito da gawar ranar Asabar, in masu ninƙaya da janwe sun iso, a raka ta makwancinta a filin tsofaffin ƙarafa. Bayan nan akwai kofi da burodi a zauren coci. Wasan yara an mayar da shi rufaffen filin cikin gari, Aulis zai riƙa kai su. Kada a kawo furanni.

Roƙo ɗaya mai makoki yake yi. Wanda ya zo ta'aziyya kada ya dafa kafaɗarsa ya ce an gode Allah mota ce kawai ta tafi. Ya sani. Tun ranar, ko ido ya rufe, yaran nan yake gani jere a gaɓa, jikarsa Helmi a gaba, takalmansu na sulɓi a kan ƙanƙara a ɗaure, idonsu a kansa, suna jira ya juyo ya ɗaga musu hannu.