Rabon Mai Banda

Da asuba na tarar da Malam Safiyanu yana tsince ƙonannun kifi daga kan wayar banda, yana zubawa a tsohon kwanonsa. Shekara goma sha tara ina yi masa aiki a bakin kogin Haɗeja, kuma dokar ba ta canza ba: mai kyau na kasuwa ne, wanda wuta ta ci na masu banda. Shi ne karin kumallonmu, shi ne abincin rana. Amma tun bayan babbar sallah loma ba ta wuce masa sai da ruwa. Likita ya ba shi takarda ya je Kano a duba maƙogwaron, ya ninke ta ya cusa a hula. Na yi magana sau ɗaya, na bari.

Sai ga jikarsa Mardiyya, mai karatun jinya, da kwano a rufe. Tsire da lemon kwalba ya aike ta ta sayo tun jiya.

"Sannu, angona. Ashe ka kwana? Ni har na fara auna ɗakinka."

"Sai na ga jikokinki, 'yar nema. Ina tsirena?"

"Mai tsire ya ce ba ya sayar wa marasa haƙori."

Ya buɗe kwanon. Kwaɗon zogale ne da tumatir, an dafa shi luguf, da yankan gwanda a gefe.

"Akuya kika mayar da ni? Na sake ki, saki uku!"

"Wa zai kwashi bazawari mai warin hayaƙi? Ni ɗin ce dai rufin asirinka."

"Shekara hamsin ina cin ƙonanniyar tarwaɗa, ga ni daram. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Da tsohuwar zuma, ba da tsohon gawayi ba. Dubi gangar bandarka. Me ya huda ta?"

"Wuta da tsatsa."

"To cikin mutum ma haka yake. Baƙin ƙonannen kifin nan kullum yana gurzar hanyar abinci, wuri ya kumbura, ya lafa, ya sake kumbura. Inda bai samu hutu ba, nan ciwon daji ya fi samun wurin zama. Ganye da 'ya'yan itace suna rage tsatsar."

"Fatihu na Miga har ya mutu zogale yake ci, ciwon bai ƙyale shi ba."

"Gwanin ruwa ma yana nutsewa, tsoho. Ka taɓa shiga hudajjen kwalekwale saboda haka?"

"To shi ke nan. In ci ciyawarki in warke, Kano ta sha zamanta."

Nan ba ta yi dariya ba.

"A'a. Ganye katanga ne, ba ya fitar da ɓarawon da ya riga ya shiga. Wannan sai likita ya duba. Ina takardar?"

"Kogi ya tafi da ita."

"Kogin da ke cikin hularka?"

"So kike a yanka ni ki ci gado."

"Gadon me? Ganga uku da tari? Ni so nake ranar da za a kai ni ɗakin wani kana nan, kishi ya sa ka kuka a gaban mutane."

Ya ɗebi zogalen kaɗan ya kai baki. Ni da ita muka zuba wa wuyansa ido. Lomar ta daɗe kafin ta wuce, har idonsa ya kawo ruwa. Mardiyya ta juya tana kallon kogi.

"Ba gishiri," in ji shi. "Wanda zai aure ki ya shiga uku."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya cire hula, ya zaro takardar da gumi ya jiƙa, ya miƙa mata.

"Litinin. Amma ke za ki zauna kusa da ni a mota, kowa ya san na yi amarya."

Ya zaɓi tarwaɗa mafi kyau a kan waya, wadda ta yi ja ba ta ƙone ba, ya naɗe mata a takarda.

Na miƙa hannu zan jawo kwanon ƙonannun, don rabi nawa ne. Ya buge hannuna, ya juye kifin cikin wuta.