Ƙodar Saniya a Ɗakin Gwaji

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na kai ƙodar saniya asibiti a gwada mini tarin fuka ba.

Ni mahauci ne a Agege. Ban yi boko ba. Tarin ya taɓa kama ni, na sha magani wata biyu, na ji ƙarfi, na watsar (wata shida aka ce, na ga sun cika jan zance). Da ya dawo, da jini ya dawo.

Ma'aikaciyar asibitin 'yar Jos ce, tana jin Hausa. Ta ce, "Baba, mai yanke magani irinka, cutar takan daina jin maganin. Akwai na'urar da ke karanta ƙwayoyin halittarta a cikin kaki. Idan ta nuna ta yi taurin kai, magani daban ne, mai wahala." Ta ba ni 'yar roba mai murfi, in tofa na asuba in kawo.

A mayanka ba wanda ya sani. Wa zai sayi nama a hannun mai tari? Sai na ƙulle robar a baƙar leda, ƙulli biyu, yadda muke yi wa kayan ciki. Safiyar kuma ina da saƙon Iya, mai sayar da abinci a Iyana Ipaja. Ƙoda ce. Ita ma baƙar leda, ƙulli biyu.

Na sauka daga motar haya ta danfo, na miƙa wa Iya leda ɗaya, na wuce asibiti da ɗaya (kada ka tambaye ni yadda mahauci ya kasa bambance nauyi, tsoro ne cike da kaina). Ma'aikaciyar ta sa safar hannu, ta kwance a gaban layi. Ta leƙa ciki, ta dube ni.

"Baba, wannan daga ƙirjinka ya fito?"

Wani tsoho a layin ya ce, "In haka ne, a nemo likkafani." Masu tari suka yi ta dariya suna tari.

Kafin in koma, Iya ta riga ni zuwa mayanka, robar a hannu, tana zazzaga Yarbanci. Sarkin fawa ya kira ni a gaban kowa.

"Malam, wannan kuma wane ɓangare ne a jikin saniya?"

Na faɗi gaskiya. Na ce a raina yau sana'a ta ƙare. Sai ya ce, "Ajiye wuƙa ka je ka warke. Teburinka ba mai taɓawa. Na kusa da kai ma su je a duba su."

Washegari na kai sabon kaki. Da yamma sakamako ya fito: tarin yana nan, amma yana jin magani. Na yi hamdala, na karɓi magani.

Yau wata biyar, ban tsallake ƙwaya ɗaya ba. Na koma teburina. Iya ta canja mahauci, ban ga laifinta ba. Ashe ɓoye ciwo ya fi ciwon tona asiri. Abokan aiki kuwa, da sun ga na ɗauki kaya zan fita sai su ce, "Malam, buɗe mu gani tukuna."

Ina buɗewa.