Turancin Waliyyu

Saura kwana uku Salima ta fita takaba, kuma duk unguwarsu a Jega an san abin da ke jiranta. Mijinta Waliyyu direba ne. Ya tashi daga Aliero da lodin albasa zai kai Anaca, mota ta ƙwace ta kama da wuta, ko gawarsa ba a kawo gida ba. Ya bar mata 'ya'ya biyu, Ihsan da Haidar. Wansa Ayuba ya riga ya aiko daga Kuberi cewa ran Juma'a, in ya ci kasuwar Jega, zai biyo. In bai ga wata sana'a tsayayya a hannunta ba, zai tafi da yaran. Ba mugunta ba ce, gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ci mata rai.

Ba zaman banza ta yi ba. Ta gwada ƙanƙara, wuta ta ƙi zama. Ta gwada kitso, mata suka riƙa kauce wa hannun mai takaba. Daga ƙarshe wata maƙwabciya ta nuna mata aikin waya, wai daga ɗaki za ki riƙa danna hotuna ana biyanki, rajista kawai za a biya. Ta ba da 'yan kunnenta aka sayar, ta biya, kwana shida masu abin suka ɓace. Wayar ma daga baya ta bi hanyar 'yan kunnen, aka auno gero.

Tana zaune bayan asabari da hantsin Talata ta ji sallama a tsakar gida.

"Salamu alaikum. Baiwata na ciki, ko ta tsinke igiya ta gudu?"

"Wa alaikumus salam. Wa ka kukan jaki haka da hantsi?"

"Ubangidanki na. An kwan lahiya? Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ga turmi nan ka zamna, tabarmata ba ta ɗaukar ƙazamai."

Barau ne, ɗan kawunta, dillalin albasa a Aliero, kuma kayansa Waliyyu yake ja. Shi ɗan namiji ne, ita 'yar mace, don haka tun suna wasan ƙasa yake kiranta baiwa, ita kuwa ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba. Tun rasuwar sau uku yana zuwa, kai a sunkuye, ya ajiye hatsi ya fita. Kowa ma haka yake mata, magana ƙasa-ƙasa kamar ana jinya, har ta gaji da tausayin mutane. Yau da ta ji ya dawo da bakinsa sai ta ji wani abu ya ɗan saki a ƙirjinta.

Ya zauna kan turmin, asabari tsakaninsu.

"Wata huɗu ba ki zaka kin share man gida ba. Bayin yanzu sun lalace."

"Tun kana zaure warin ruɓaɓɓar albasa yar riga ka shigowa. Gidanka shara ba ta yi mai magani, sai gobara."

Kalmar tana fita ta ji ta dawo mata. Barau ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar, sannan ya kama wata hanya.

"An ce kin zama ma'aikaciyar waya. An ce kunnuwanki ma sun yi ritaya."

"Su dai sun taɓa sa zinari. Naka in ban da ƙuda mi sunka taɓa ɗauka?"

"To ni na zo miki da aiki, ba rajista. In kawo buhu goma ki riƙa yanka ma masu abinci. Tunda dai kukan kika yi, kada hawayen su tahi banza."

"Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kawu mutum na, ban san inda yat tsinto ka ba."

"Ko in kawo ganyen albasa ki daka gabu. Sai dai hannuwan nan naki ko taɓarya ba su ɗagawa, taɓaryar ta za ta ɗaga ki."

"Kawo kanka in gwada."

Haka ya yi ta jero mata sana'o'i, kowace ta fi 'yar'uwarta rashin kan gado. Wai ta buɗe makarantar koya wa kaji tarbiyya. Wai ta riƙa yi wa matan unguwa gadin gulma kada ta lalace kafin su dawo daga biki. Tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, amma ranta yana kan Juma'a, don ta riga ta wanke kayan yaran ta ninke, ta kasa dai sa su a jaka. Can ta lura dariyar tasa ba ta kai ciki, kuma tun zuwansa yake juya wata leda baƙa a hannu.

"Barau, ruwa ba shi tsami banza. Mi yak kawo ka?"

Ya ja numfashi, ya gaya mata. Masu sayen kayansa na kudu da Turanci suke rubuto saƙo a waya, shi kuwa ko sunansa sai an nuna masa. Shekara shida wayar cinikin tana hannun Waliyyu, shi ke amsawa, ya kira Barau ya ce ga abin da ake so. Tun da aka maido masa da wayar bayan sadakar bakwai bai ƙara jin daɗinta ba. Ya ba wani ɗalibin jami'a, ya zuba Turanci mai kauri, aka nemi busasshiyar albasa ja ya sa aka loda ɗanya, ta isa tana ruwa. Babbar mai sayensa, wata mata a Anaca da suke kira Madam, ta ce tun da Waliyyu ya mutu ba sauran mai hankali a Aliero. Mota biyu ke nan tana saya a hannun wasu.

"Shi na nic ce in tambaye ki, ko ya bar wani littahi da shika dibawa."

"Littahi?"

"Awo. Mutum ba shi zuba Turanci haka da ka."

Salima ta kama bakin tabarma ta murɗa. Babu wani littafi. Waliyyu a aji huɗu na firamare ya bar makaranta ya bi mota. Ita ce ta yi shekara biyu a jami'ar Aliero kafin haihuwar Ihsan ta zaunar da ita. Duk tafiya a cikin kwallarta yake barin wayar. Tana tuƙa tuwo ta amsa, tana ba da nono ta amsa, sannan ta kira shi a ƙaramar wayarsa ta karanta masa, shi kuma ya kira Barau. A tasha Malam Waliyyu mai Turanci ake ce masa, har takardun asibiti ake ba shi ya zo da su gida wai sai ya natsu zai duba. Yana son sunan nan kamar ransa. Sau ɗaya ya taɓa haɗa ta da Allah a zamansu, a kan kada ta gaya wa kowa.

Wata huɗu ke nan ta san akwai aikin da ta iya, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ta zaɓi ƙanƙara da kitso. In ta yi shiru, sunansa ya tsira, yara su tafi Kuberi. In ta yi magana, ta mai da shi abin dariyar tasha, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Ta ji tsoro, ta kuma ji haushinsa, abin da ba ta taɓa yarda ta ji ba tun da ya mutu.

"Kai dai jaki na," ta ce. "Madam ja taka so, wadda tash sha iska sati ukku. Ba ta son a ɗinke bakin buhu tamau. Ran Lahadi ba a taɓa ta sai bayan azahar. Kuma in ba ka hwara tambayarta gwiwarta ba, ko kyauta kab ba ta sai ta ce da tsada."

"Allah shi jiƙan Waliyyu, ashe komi sai ya kawo ma mata rahoto."

"Mota ta ƙone ƙurmus, Barau. Ƙarhe ya narke. Anka maido maka waya ko ƙwarzane babu. Ba ka tambayi kanka ba inda tak kwana ran nan?"

Barau ya juya ledar da ke hannunsa. Ta ci gaba.

"Nan tak kwana, cikin kwallata. Ni ta nika rubutawa. Tun ran hwarko ni ta."

Ta faɗa, ba kuma dama ta maido. Ta ji kamar da hannunta ta yaye masa likkafani a bainar jama'a. Ta cusa fuska cikin mayafi ta yi kuka, ba irin na zaman makoki ba, kukan wadda ta ci amana tana sane. Barau yana kan turmi, ta asabari tana hango ƙafafunsa, babban yatsa yana tonon ƙasa. Ya bar ta sai da ta gaji don kanta.

"Ƙarya kika yi, baiwa," ya ce a hankali.

"Barau, wallahi..."

"Kada ki rantse. Ni na yi shekara shida da mutumin ga, na san abin da nis sani. Waliyyu malami na. Da yag ga tahiya ta yi mai yawa, sai yaz zamna yak koya ma matatai, har tah hi shi. Haka za ni gaya ma Ayuba ran Juma'a, nan bisa turmin ga. Haka za ni hwaɗi tasha. Wanda yac ce ba haka ba na, shi zaka shi iske ni."

Ta ɗago. Ta kalli inuwarsa a jikin asabari.

"Ka ce shi yak koya man."

"Ai haka anka yi."

Ta share fuska da gefen mayafi. Hawayen bai tsaya ba, amma bakin ya dawo.

"To shekara shida kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Yanzu gardi ya zaka wurin kura."

"Ke dai hwaɗi abin da kika so, kada ki cika man ciki."

Ta faɗa masa. Duk motar da ta tashi da cinikin da ta ƙulla, tana da rabonta, a kawo mata har ɗaki. Ba za ta taka tasha ba, ba kuma wanda zai kira ta tana wa yara wanka ko tana salla, in saƙo ya zo za ta amsa a lokacin da ta samu. Ya ce wannan ba aiki ba ne, sarauta ce. Ta ce to ya koma wurin ɗalibinsa. Ya ce baiwa ba ta gindaya wa ubangida sharaɗi, ta ce ubangidan da albasa ke ruɓe masa a ƙasa ba shi da bakin magana. Ya yi ta ƙunƙuni yana kiran sunan kakanninsu su zo su ga abin da duniya ta zama, amma ko ɗaya bai musa ba. A kan Ayuba ma ya ƙara da cewa da kansa zai zo da rabon motar farko ya ajiye a gabansa, don mutumin Kuberi sai ya taɓa abu yake yarda.

Sannan ya sunkuya ya turo ledar nan ta ƙarƙashin asabari.

Ta kwance. Wayar ce, cike da caji. Ga caja an naɗe ta da kyau, ga ɗan faifan sola sabo da ko takardarsa ba a ɓare ba, ga fakitin alewa biyu na yara. Ta zauna tana kallonsu. Wanda ya zo tambayar littafi ba ya tsayawa kasuwa ya sayi faifan sola. Ashe ya sani, wataƙila tun ranar da aka miƙa masa wayar lafiya lau. Bakinsa ne ba zai iya fara faɗar wannan a kan mamaci ba, sai ya zo ya zauna kan turmi yana zaginta har ta faɗa da kanta. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai ce ba.

Ta kunna wayar, saƙonni suka yi ta shigowa wani kan wani.

"Buhu nawa ag gare ka ƙasa, busasshiya?"

"Za ta cika mota."

"Kada ka ce man za ta. Tahi ka diba da idonka, ka sa a kwance bakin buhunnan, ka kira ni kahin la'asar. Kuma ka yi wanka kahin Juma'a, kada Ayuba shi ce da mahaukata nika aiki."

Barau ya miƙe yana kaɗe riga.

"Yau ni Barau, ɗan namiji, 'yar mace ka aikena."

"Wa ab bawa?"

Ya tsaya, ya yi dariya gajeriya, ya durƙusa gaban asabari da gwiwa ɗaya.

"Ni na, ranki shi daɗe. Na bi."

Dariya ta kufce mata, ta farko a wata huɗu, ta yi sauri ta toshe baki kada maƙwabta su ji mai takaba. Da ta ji fitarsa daga zaure sai ta jawo kayan yaran da ta ninke ta mayar cikin akwati, ta buɗe saƙon Madam, ta fara da tambayarta gwiwa.