Ranar da Ruwa Ya Taɓa Jan Ƙyalle

A ƙarshen garin Gangaren Maje, inda gidaje suka ƙare rafi ya soma, akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Inna, tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta shekara huɗu ke nan, amma bakinta yana nan da ƙarfinsa. Akwai 'yarta Hansai mai daddawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Sai autan Inna, Kallamu, ƙato ne mai shekara talatin da 'yan kai. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, kuma maganar da ta riga shiga kansa, ta bayanta ba ta samun wuri. Ni dai ban taɓa ganin mai biyayyar da ya wahalar da jama'a kamarsa ba.

A shekarar, tun damina ba ta kankama ba rediyo ke ta gargaɗi: masu hasashen yanayi sun ce ruwa zai yi yawa, na bakin rafi su yi hattara da ambaliya. Hansai ta ji gargaɗin nan. Ba ta katanga take ba, ba ta tukwanen daddawa ba. Tsoronta ɗaya ne, kada ruwa ya zo ya tarar da Inna a ɗaki ba mai ɗaga ta. Ta yi lallashin duniya a koma wajen dangi a kan tudu, Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga nan kuma za a fitar da ita a makara. Ba yadda za a yi, sai dogaro ga Allah, sannan ga Kallamu.

Wata rana Mai Unguwa ya sa aka yi shela kowa ya gyara magudanar ƙofar gidansa. Hansai ta miƙa wa Kallamu shebur ta ce, "Duk abin da ka ga zai tare wa ruwa hanya, ka kawar da shi." Ya ce, "To, Yaya." Ya yashe kwata, ya kwashe shara, har masu wucewa na sa masa albarka. Yana gamawa sai ya hangi jingar da maƙwabcinsu Baba Jatau ya yi mako guda yana tadawa don ta riƙe masa ruwa a gonar shinkafa. Kallamu ya duba, ya ga lalle duk unguwar ba abin da ya kai wannan tare ruwa. Kafin azahar ya baje ta. Baba Jatau ya iso hula a hannu yana haki. "Kai Kallamu, wa ya aike ka?" Ya ce, "Yaya ce, Baba. Dubi yadda ruwan ke tafiya yanzu, gwanin sha'awa." Kwana uku Hansai na ba da haƙuri, Kallamu na mayar da ƙasa.

Wata rana Hansai za ta gidan suna, ta shanya kalwar daddawarta a tsakar gida. Ta ce, "In ka ga hadari ya haɗo, ka kwashe ka kai ɗaki." Sai aka yi irin ruwan nan da ke zubowa rana na haskawa, ba duhu ba iska. Kallamu ya tsaya a kan shanya, ya ɗaga kai yana neman hadari gabas da yamma. Inna na ta ihu daga ɗaki, "Kwashe mana, kai wannan yaro!" Shi kuwa yana cewa, "Bari ya haɗo tukuna, Inna." Hansai ta dawo ta tarar da kalwa ta jiƙe sharkaf. "Ba ka ga ruwa ba?" "Na gani, Yaya. Hadarin ne ban gani ba." Ta zauna a bakin ƙofa. Asarar kalwa mai sauƙi ce. Abin da ya tsaya mata a rai, ranar da ruwan gaske zai zo, wannan ne zai tsaya yana kallon sama Inna na ɗaki.

Wata rana malamin gona ya zo ƙofar Mai Unguwa ya yi wa jama'a bayani, ya ce in ana tsawa da walƙiya kada kowa ya fake a ƙarƙashin bishiya. Bayan kwana biyu hadari ya rutsa da Kallamu a gona. Manoma na gudun gida suka hango shi can ƙololuwar ɗorawa, ya rungume reshe, iska na lilo da shi, tsawa na tashi kamar sama za ta tsage. Hansai ta zo a guje ko mayafi babu. "Sauko, don Allah don Annabi!" Ya leƙo ya ce, "Yaya, in na sauko ai na shiga ƙarƙashinta!" Bai sauko ba sai da ruwa ya ɗauke. Gari ya sami abin dariya na mako guda, ita kuwa Hansai kuka ta yi. To, ya za ta yi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da damina ta yi tsakiya, Mai Unguwa ya bi dabarar da ya gada. Ya kafa gora a gaɓar rafi, ya ɗaura mata jan ƙyalle a daidai tsayin ƙugu, ya ce duk ranar da ruwa ya kai nan, kowa ya bar abin da yake ya hau tudu.

Wata rana, ranar kasuwar tsallaken rafi, gari ya waye tas. Hansai ba ta son tafiya, amma hatsin gidan ya ƙare. Ta zaunar da Kallamu, ta auna kowace kalma kamar mai auna magani. "Ka sa wa ƙyallen nan ido. In ruwa ya taɓa shi, ka goya Inna ka kai ta tudun makaranta. Ko ta zage ka, ko ta doke ka, kada ka sauke ta sai na zo." Ta juya maganar ciki da bai, ba ta ga ƙofa ba, sannan ta ɗauki ƙwaryarta.

Ashe da ƙofa. Da hantsi wani makiyayi ya kawo shanu shan ruwa, rafin ko idon sawu bai wuce ba. Wani bijimi ya faɗa ciki da ƙarfi, ruwa ya fantsama ya jiƙa ƙyalle. Kallamu ya zabura. Ya shiga ɗaki ya saɓi Inna, ya ɗaure ta da zane, ya miƙi hanyar tudu rana tsaka. Inna na ƙwala masa sanda a ka tana cewa, "Jama'a ku cece ni, ya haukace!" Mutane suka fito suna riƙe ciki don dariya.

Bayan azahar, ko ɗigo bai sauka a garin ba, aka ji wata ƙara daga arewa kamar ta babbar mota. Can cikin duwatsu aka tafka ruwa tun safe, ga shi ya iso gaba ɗaya, jawur, ɗauke da itatuwa. Ya haɗiye gorar da ƙyallenta a ƙiftawar ido. Masu ƙafa suka tsira da ƙyar.

Labari ya sami Hansai a kasuwa. Ta watsar da ƙwarya, ta hau acaɓa suka zagayo ta babbar gada, tana ta salati a hanya. Da la'asar ta iso. Inda ɗakin Inna yake, ba komai sai ruwa na juyi da azara. Ta san wanda ya tsaya jiran ruwan nan ya kai ƙyalle ba zai sami lokacin ɗaukar kowa ba. Ta zube a laka. Baba Jatau ne ya dafa ta. "Tashi, 'yata. Je ki tudun makaranta ki raba mu da rigima."

Can ta same su. An shimfiɗa tabarma, an kawo kujera, an yi roƙo har an gaji, amma Kallamu na nan tsaye tun hantsi da Inna a bayansa. Ƙafafunsa na rawa, rigarsa ta jiƙe da gumi, kansa duk ya kumbura da dukan sanda. Da ya ga yayarsa sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, bijimi ne ya watsa, amma wallahi ya taɓa. Na yi ba daidai ba ko?"

Hansai ta fashe da kuka. Da ƙyar ta ce, "Sauke ta, Kallamu. Na zo."

Ya durƙusa a hankali ya kwance zanen. Inna ta daɗe tana kallon inda ɗakinta yake a da. Sannan ta ajiye sandar, ta jawo kansa tana shafa wuraren da ta fasa masa.

Ta ce, "Shekara biyu na goya ka, auta. Yau ka rama."